Tarihin Shanya a Manga ta Ƙasar Zuru, Daga Falalen Dutse Zuwa Inji

Garin Manga yana cikin ƙasar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ƙasar tuddai da duwatsu da rafuka, inda Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, suka zauna tun zamani mai nisa suna noman dawa, suna ƙira, suna ginin tukwane. Kuma Allah Maɗaukakin Sarki, cikin ni'imominsa da ba su ƙidayuwa, ya hore wa mutanen wannan wuri abubuwa uku waɗanda tsabtar tufafi ba ta kammala sai da su, wato ruwan wanki, da falalen dutse na shimfiɗawa, da rana mai ƙarfi wadda ba a biyan ko anini kafin ta busar. Yanzu kuwa an wayi gari injin busar da tufafi ya iso manyan biranenmu, ya shiga otal-otal da asibitoci da shagunan wanki da gidajen masu hali, har 'ya'yan ƙasar Zuru da aiki ya kai Kaduna ko Abuja sun san shi, sun kuma san ɓacin ran da ke zuwa ranar da ya fara ƙugi da ƙara, ko ya yi ta juyi alhali tufafin cikinsa suna nan jiƙe sharkaf. Wanda ya bi tarihin wanki da shanya a wannan ƙasa daki-daki zai tarar da ƙa'ida guda tana maimaituwa: kowane kayan aiki da ya shigo daga waje, zamansa a cikinmu yana rataye ne ga iyawar hannun 'yan gari su gyara shi idan ya lalace.

A zamanin kakanni, tufar aikin namiji a ƙasar Zuru walki ne na jemammiyar fata, kamar yadda yake ga manoma da maƙera da mafarauta a ƙasar Hausa kanta, kuma da shi samari ke shiga gonakin surukansu a shekarun golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi aurenta. Fata ba ta son ruwa. Kulawarta ita ce a kakkaɓe ta, a murza ta, a shafe ta da mai don kada ta bushe ta tsage. Saƙi kuwa yana da tsada, domin kafin a sami zane guda sai an tsinci auduga, an gurje, an shiɓe, an kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, maɗinki ya haɗa. Riguna masu daraja kuma fatake ne ke kawo su daga ƙasar Hausa da ƙasar Nufe. Saboda haka ba a yawan wanke tufa mai tsada, musamman rinanniya, don kada babanta ya zube. A Kano da Kura, waɗanda shaharar turkuɗinsu ta kai har Sahara, inda kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ga bunƙasar cinikin tufafin Kano a 1851, akwai sana'a sukutum ta masu bugu, waɗanda ke naɗe riga su ɗora ta bisa gungume su yi ta dukanta da mabugi har ta kwanta ta yi sheƙi. Bugu shi ne gugar mutanen da, kuma kayan aikinsa itace ne wanda kowane masassaƙi ke iya saro wani idan ya tsage.

Da yadi ya yawaita a kasuwanni cikin zamanin Turawa, akoko da alawayyo da atamfa suka sauka zuwa hannun talaka, sai wanki ya zama aikin kowane mako. Mata da 'yan mata su ɗauki ƙullin kaya a ka su nufi rafi da sassafe, da sabulun salo da ake dafawa daga ruwan toka da mai. A jiƙa, a cuɗa, a buga tufa a jikin dutse, a ɗauraye, mutum biyu su kama zane ɗaya kowa ta murɗa gefenta har ruwan ya tsane, sa'an nan a baza shi bisa falale ko ciyawa, a danne kusurwoyinsa da tsakuwa don kada iska ta kwashe. Wannan aiki yana da ilminsa, wanda uwa ke koya wa 'yarta ba tare da allo ba. Fari ana ba shi rana sosai domin rana na ƙara masa haske, a kuma tsoma shi cikin bula. Mai launi kuwa sai a juya cikinsa waje, ko a kai shi inuwa, don kada ya koɗe. Da hunturu iska busasshiya ce, tufa na bushewa kafin a gama wanke 'yar'uwarta, amma sai a gaggauta kwashewa saboda ƙura. Da bazara rana ta isa ta wadatar. Matsala ɗaya ce tak a shekara, ita ce marka, wajen watan Agusta, domin ruwan ƙasar Zuru ya fi na Sakkwato yawa da daɗewa, yakan faro wajen Mayu ya kai Oktoba. Idan sama ta rufe kwana da kwanaki, sai a ɗaura igiya cikin ɗaki ko a rataye tsummokin jarirai a madafa kusa da murhu, su bushe da warin hayaƙi, wanda kuwa aka bari a ƙudundune ya yi fumfuna.

Addini ya ƙara wa wannan aiki nauyi da daraja. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala a zauren malami ya san cewa tsarkin tufa yana cikin abubuwan da ake nema ga mai salla, ya kuma san cewa a mazhabar Imamu Malik ba a gusar da hukuncin najasa sai da ruwa tsarkakakke mai tsarkakewa, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba. Don haka tufar da najasa ta taɓa, ko ta wuni a rana ta bushe ƙayau, tana nan da hukuncinta har sai an wanke ta, kuma wannan ne ya sa tsofaffi masu kiyaye ɗahara ke nanata ɗauraya ta ƙarshe da ruwa zalla bayan kumfar sabulu. Hukuncin bai canja ba da zuwan inji, gama zafin inji busarwa yake yi kawai. Ta ɗaya ɓangaren kuma, 'yan mishan da suka zauna a Zuru tun cikin shekarun 1920 sun zo da makaranta da ɗakin shan magani, ɗan makaranta kuwa dole ya bayyana da wankakkiyar riga. Haka Juma'a da Lahadi, da Salla da Kirsimeti, da bikin Uhola bayan an kai amfanin gona gida, duk suka zama ranakun da igiyoyin shanya ke cika a gidajen Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya baki ɗaya.

Amma babbar ƙofar da guga ta shigo ta cikinta ita ce bariki. Sanannen abu ne cewa ƙasar Zuru ta ba rundunar soja mazaje masu yawa tun zamanin Turawa, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Bama tsakanin 1943 da 1945, da 'ya'yanta aka tafi. Soja ba ya fita fareti sai da kaki mai sitaci wanda karinsa ya tsaya cak, kuma wanda ya shekara goma yana yin haka ba ya bari don ya ajiye bindiga. Da suka komo gida da fansho, sai suka komo da wannan ɗabi'a, suka koya wa ƙannensu da 'ya'yansu, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan doka su ma suka ɗauka, har wanki da guga ya zama sana'ar da namiji ke ci da iyalinsa da ita.

Ya kamata a tsaya a dubi dutsen guga na gawayi da kyau, domin shi ne hujja mafi ƙarfi a wannan tarihi. Akwati ne na baƙin ƙarfe mai nauyi, gindinsa sumul, da 'yan ƙofofi a gefe don iska ta shiga, da murfi mai mariƙin katako, da ɗan makulli a goshi wanda sau da yawa ake ƙera shi da siffar zakara. Mai guga ya zuba garwashi, ya rufe, ya riƙa lilo da shi a hannu har wutar ta ruru, ya busa tokar ta fita don kada ta ɗiga bisa farar shadda. Sa'an nan ya laƙato ruwa da yatsa ya taɓa gindin, da jin irin ƙarar da ruwan ya yi ya san ko zafin ya isa ko ya wuce kima. Ya yayyafa ruwa bisa rigar, ya fara goga dutsen a kan tsumma, kana ya bi wuya da aljihu da hannuwa, ya bar wurin aiki sai daga baya ta ciki. Idan mariƙin ya ƙone, kafinta ya sassaƙa wani. Idan maɗaurin murfin ya karye, maƙeri ya sa masa sabon ƙarfe kafin a tashi kasuwa. Abincinsa kuwa gawayi ne, wanda ba a rasa shi a kowace unguwa. Dutse ɗaya yakan yi wa uba aiki ya kuma yi wa ɗansa.

Guga tana da wata fa'ida ta lafiya wadda ta wuce ado, kuma likitoci sun tabbatar da ita. A ƙasashenmu masu zafi akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai cikin ƙasa mai danshin fitsari, ko bisa tufar da aka shanya a ƙasa a inuwa. Idan aka sa tufar, tsutsar da ta fito daga ƙwan ta huda fata ta shige, wurin ya kumbura kamar maruru, ta girma ciki kwana takwas zuwa sha biyu kafin ta fito, kuma ƙananan yara ne suka fi shan wannan azaba. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan, haka nan shanya bisa igiya cikin rana tsantsa tana rage haɗarin ƙwarai. Wannan ne sababin da ya sa ma'aikatan jinya suka daɗe suna horon uwaye da su goge har tsummokin jarirai.

Dutsen guga na lantarki ya girmi yawancin abin da muke zato, domin tun 1882 wani Ba'amurke mai suna Henry Seely, mutumin New York, ya yi rajistar ƙirƙirarsa; amma bai zama abin amfani a wannan yanki ba sai da wuta ta samu, bayan an kammala madatsar Kainji bisa kogin Kwara a 1968, wadda tafkinta ya kai har ƙasar Yawuri maƙwabciyar Zuru, aka kuma kafa hukumar lantarki ta NEPA a 1972. Ya zo da sauƙi da tsabta, ba toka ba hayaƙi, duk da haka bai kori na gawayi ba har yau, saboda wutar ba ta zama, mai guga kuwa ya yi wa mai kaya alkawarin Juma'a. Abin da zuwansa ya haifar mai ɗorewa shi ne sabon rukunin masu sana'a, wato masu gyaran rediyo da fanka da dutsen guga da firji, waɗanda suka koyi canja wayar zafi da naɗin kwayil a rumfunan bakin kasuwa, yaro yana riƙe wa maigidansa sukudireba shekara da shekaru kafin a yaye shi. Da samuwarsu ne kayan lantarki suka sami gindin zama.

Shi kuwa injin busar da tufafi ɗan ƙasar sanyi ne, larura ce ta haife shi. A 1892 George Sampson, wani baƙar fata na garin Dayton a Amurka, ya yi rajistar wata mashanya da ke karɓar zafi daga murhu. A 1938 kuma, shekarar da jami'in mulkin mallaka P. G. Harris ya wallafa bayaninsa a kan al'adun Dakarkari, lokacin da falale da igiya suka ishi kowa a Manga, kamfanin Hamilton na jihar Wisconsin ya fara sayar da injin da J. Ross Moore ya ƙirƙira, mutumin North Dakota, inda sanyi ke daskarar da tufa bisa igiya ta sandare kafin ta bushe. Tun daga lokacin asalin ginin injin bai sauya sosai ba: ganga ce ta ƙarfe kwance cikin akwati, tana zaune bisa ƙananan tayoyi ko boris, dogon bel siriri ya zagaye ta ya sauko ga moto, da wata 'yar taya mai sifirin da ke ɗame bel ɗin, fanka na jan iska ta bi ta kan wayar zafi, ta ratsa tufafin da ke juyawa, ta kwashi danshinsu, ta bi ta rariya mai tace ɓurɓushin zare, ta fice ta bututu, sai ma'aunin zafi mai kashe wayar idan ta yi yawa, da fis na kariya wanda ke yankewa gaba ɗaya idan ma'aunin ya gaza.

Wanda ya fahimci wannan tsari ya san cewa kowace ƙara tana da sababinta, kuma gwanin mai gyara, kamar likitan da ke sauraron ƙirjin majiyyaci, kunnensa yake fara sawa kafin hannunsa. Yakan tambayi mai injin: "Hajiya, yaushe ya fara? Da an kunna yake yi, ko sai ya ɗauki zafi? Da kaya a ciki, ko har ba kaya?" Kuka mai tsini da ba ya yankewa yawanci daga 'yar tayar ɗame bel yake, idan borisinta ya bushe, ko daga bel ɗin da ya gaji yana zamewa. Bugu mai maimaituwa, dum, dum, sau ɗaya a kowane zagaye, alama ce ta tayar da ta cinye ta gefe guda, ko kuwa bargo ne ya dunƙule, ko ƙafafun injin ba su daidaita a ƙasa ba. Gurzar ƙarfe da ƙarfe na nuna cewa borisin bayan ganga ko 'yan robobin da bakinta ke zamewa a kansu sun ƙare, kuma wannan ba a jinkirta shi, domin yana iya cin gangar kanta. Ƙarar kacau-kacau sau da yawa tsabar kuɗi ce ko maɓalli ko ƙusa da aka manta a aljihu. Gurnani mai girgiza akwati yakan fito daga fanka, idan tsumma ya naɗe ta ko ta kwance daga sandarta. In kuwa moto yana ƙugi ganga ba ta motsi, sai mai gyara ya zare filogi daga bango, wanda shi ne farillar farko kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, ya juya gangar da hannu: ta tafi sakayau ba nauyi, bel ya tsinke, ta cije, wani abu ya maƙale ko boris ya kama.

Idan injin yana juyi amma ba zafi, abin zargi uku ne, wayar zafi ko ma'auni ko fis, kuma mita ce ke raba gardama, gama ita ke nuna wanda wuta ba ta ratsa shi. A nan ne ake gane mai amana. Fis ba ya yankewa banza. Galibi rariya ko bututu ne suka toshe da ɓurɓushin zare, iska ta kasa fita, zafi ya taru, kuma a ƙasarmu ƙurar hunturu na ƙara wa toshewar sauri. Mai gyaran da ya haɗe bakin fis da guntuwar waya don ya karɓi kuɗinsa da wuri ya cire wa gida garkuwarsa, domin wannan ɓurɓushi yana kama wuta nan da nan, kuma shi ne kan gaba cikin sababan gobarar da irin wannan inji ke tayarwa a ƙasashen da ya yawaita. Wajibi ne a share rariya bayan kowane amfani, a zazzage bututu lokaci-lokaci, kada a cusa kaya fiye da kima, kada kuma a sa tufar da fetur ko kananzir ya taɓa.

Akwai kuma illolin da suka keɓanta da mu. Yawancin injunan da ke shigowa na hannu ne, waɗanda ake kira Baljiyam, sun riga sun ci rabin rayuwarsu a wata ƙasa. Wutar Nijeriya bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, irin ta Turai. Injin Amurka kuwa an gina shi ne don wuta mai bugu 60, wayar zafinsa na shan bolt 240 amma motonsa 120, saboda haka wanda ya jona shi kai tsaye yana iya ƙone moton a ranar farko. Cinsa ma ba kaɗan ba ne, gama na Turai yakan sha wat dubu biyu zuwa uku, na Amurka wajen dubu biyar, abin da ƙaramin janareta na gida ba ya iya ɗauka. Wuta mai rauni kuma tana sa moto ya yi ta ƙugi yana zafi har kwayil ya ƙone. Sa'an nan ga wahalar kayan gyara: bel guda, wanda bai kai nauyin carbi ba, yana iya ajiye inji wata da watanni kafin a samo daidai da shi daga Kano ko Kaduna ko Legas, da yawan injunan kuma daga nan sai hannun 'yan gwangwan.

To, mene ne hukuncin wannan baƙo a gari kamar Manga? Adalci shi ne a ce yana da muhallinsa: ɗakin haihuwa da asibiti, inda ake bukatar zannuwan gado busassu kowace safiya ko ana marka, makarantun kwana, da mai shagon wanki wanda damina ke karya masa alkawari. Amma gidan da ke da fili da igiya da rana ta mafi yawan shekara, ya kashe dukiya mai yawa a kan abin da Allah ya ba shi kyauta, wannan ya kusanci israfin da shari'a da hankali suka yi hani gare shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: duk hukuma ko attajirin da zai sayi inji, ya fara tambayar wa zai gyara shi da inda za a sami bel da boris da fis, ya kuma sayo su tare da shi tun ranar farko. Makarantun koyon sana'a na jihar, da manyan masu gyara na Zuru da ke da yara a hannunsu, ya kamata su sa wannan fanni cikin abin da suke koyarwa, tare da karatun mita da kiyaye haɗarin wuta, domin ƙasar da ta fitar da maƙeran da suka riƙe dutsen gawayi shekaru masu yawa, ta kuma fitar da masu naɗin kwayil da suka riƙe fanka da firji, ba za ta gaza fitar da samarin da za su riƙe wannan ba idan aka koya musu. Allah ya sa albarka a hannun masu sana'a, ya ba su amana da wadatar zuci, ya kuma kare gidajenmu daga gobara.